Tarihin Sunayen Kimiyya na Kifaye da Itatuwan Ƙasar Yauri

Sunan kimiyya suna ne mai kalma biyu da masana ke bai wa kowace irin shuka ko dabba, da Latin ko da Girkancin da aka yi wa ƙirar Latin. Kalmar farko ta dangi ce, ta biyu ta ainihin irin. Masanin ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya kafa tsarin a littafinsa na tsirrai na 1753 da bugu na goma na littafinsa na halittu na 1758. Ya ɗauki Latin ne saboda shi ne harshen karatun Turai a zamaninsa, kamar matsayin Larabci a wurin malaman ƙasar Hausa.

Wanda ya duba sunayen kifayen da ake saukewa a bakin ruwan Yauri da Wara zai ga kalma ɗaya tana ta dawowa. Giwan ruwa Lates niloticus ne, karfasa Oreochromis niloticus, bargi Heterotis niloticus, yauni kuma Gymnarchus niloticus, wato duk "na kogin Nilu". Dalili shi ne Turawa sun san Masar tun kafin su san Kwara, kuma wani almajirin Linnaeus, Fredrik Hasselquist, ya tattaro halittun Masar wajen 1750. Ƙa'idar fannin kuwa ita ce sunan da ya riga fitowa shi ke zama. Shi ya sa kifin da Sarkawa da Gungawa suka gaji kamunsa kaka da kakanni yake amsa sunan kogin da ke can gabas mai nisa. Tarwaɗa ma, Clarias gariepinus, daga kogin Gariep na Afirka ta Kudu aka raɗa mata suna a 1822.

Sunayen da suka fi ƙayatarwa su ne masu siffanta halitta. Tsage, mai zara-zaran haƙora da ke sarƙe juna in ya rufe baki, har yakan keta raga, danginsa Hydrocynus ne: ruwa da kare a Girkanci. Minjirya Malapterurus electricus ce. Kalmar farko na nufin ɗan tattausan fiffiken da ke dab da wutsiyarta, ta biyu kuma duk wanda ya taɓa damƙar ta ya san ma'anarta. Dorina, wadda manoman shinkafa na bakin kogi ke kwana gadi saboda ɓarnarta, Hippopotamus amphibius ce, dokin kogi mai zaman ruwa da tudu.

A wajen itatuwa ne tarihin Yauri ya shiga zancen kai tsaye. Mungo Park, matafiyi ɗan Sikotilan, ya ratsa ƙasar Yauri cikin jirgin ruwa, ya halaka a Bussa a 1806. Bayan shekara 20, masanin tsirrai Robert Brown ya sa wa dangin ɗorawa suna Parkia don tunawa da shi, ɗorawar da matan ƙasar ke yin daddawa da kalwarta ta zama Parkia biglobosa. Kaɗanya ma ta daɗe tana amsa Butyrospermum parkii, wato ƙwara mai mai ta Park, kafin a mayar da ita Vitellaria paradoxa, sunan da ya girme shi tun 1807. Abin da ke sosa rai a nan shi ne baƙon da ya wuce sau ɗaya ya samu itace biyu, mutanen da suka san lokacin furensu da maganin sassaƙensu kuwa ba a ambace su ba. Haka kuka ta samu Adansonia daga Bafaranshe Michel Adanson, gawo ya samu Faidherbia daga wani gwamnan mulkin mallaka na Senegal. Tsamiya dai, Tamarindus indica, sunan nata daga Larabci yake: tamar hindi, dabinon Indiya.

Wanda ya fara ƙulla sunayen Hausa da na kimiyya da gaske shi ne J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa. A 1916 ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa tare da takwarorinsu na kimiyya, kuma da sunansa ake kiran hano, Boswellia dalzielii.

Da aka datse Kwara a Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsohuwar Bussa da tsibirai da dama, aka kafa cibiyar binciken tafkin a Sabuwar Bussa, wadda daga baya ta zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa. Masu bincikenta suna jin suna daga bakin masunta, su rubuta na kimiyya a gefensa. A irin wannan lissafi aka ga faliya, Citharinus citharus, ta yi ambaliya a shekarun farko sannan ta ja baya.

Amfanin tsarin ya ƙara fitowa wajen ƙarshen shekarun 1980, lokacin da wata ciyawar ruwa mai shunayyar fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, ta gangaro cikin tafkin Kainji ta toshe mashigin jirage. Mutane da yawa kainuwa suke ce mata, alhali kainuwar gado Pistia stratiotes ce, baƙuwar kuma Eichhornia crassipes, kuma ƙwaron da ake saki don ya cinye ɗaya ba ya taɓa ɗayar.