Tsakanin Wozniak da Wayne

Jiya ɗan yayata ya zo neman shawara. Daga gida yake aiki, kwamfuta kan cinya, ana biyan shi da dala. Sai ga wani sabon kamfani a Legas yana nemansa: ofis tun safe har dare, albashi bai kai na yanzu ba, amma za a ba shi kaso a kamfanin. "Kawu, in tafi?"

Sai na ba shi tarihin Apple. Ranar 1 ga Afrilu 1976 mutum uku suka kafa shi a Amurka: Steve Jobs, Steve Wozniak da Ronald Wayne.

Wozniak ɗan shekara 25 ne, injiniya a Hewlett-Packard, yana son aikinsa sosai. Da mai zuba jari Mike Markkula ya ce sai ya ajiye aikin, ƙi ya yi. Sai da abokai suka yi ta lallashi.

Wayne kuwa shekararsa 41, kasonsa 10 cikin 100. Bayan kwana 12 ya janye, ya karɓi dala 800. Har yau ana yi masa dariya. Amma ya taɓa karyewa a kasuwanci, kuma a cikinsu shi ke da kadarar da masu bin bashi za su iya ƙwacewa.

Na ce masa: "Fara lissafa wa zai kwana da yunwa in kamfanin ya rushe, don da yawa rushewa suke yi. Kai ba mata ba 'ya'ya, kana iya gwadawa. Ni mai kuɗin makarantar yara a wuya, Wayne zan bi."

Allah ya zaɓa masa mafi alheri. Ku me za ku ce masa?