Tarihin Motar Lantarki da Yadda Farashinta Ya Sauko

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ya aiko mana da wasiƙa yana cewa: "Don Allah ina so ku ba ni tarihin motar nan da ba ta shan mai sai wutar lantarki. Wa ya ƙago ta, kuma a wace shekara? Ni direba ne, tsadar mai ta ishe ni, na kuwa ji ana cewa yanzu akwai masu araha. Shin gaskiya ne, ko kuwa har yanzu motar masu hannu da shuni ce?"

AMSA: Da farko dai, watakila za ka yi mamaki in ka ji cewa motar lantarki sa'ar motar fetur ce, tare suka tashi. Kuma in ka bi tarihinta tun daga tushe, za ka tarar abu guda ne ke ɗaga ta, shi ne kuma ke kayar da ita, wato kuɗin batir. Bari mu bi maka shi daki-daki.

Ba mutum guda ne ya ƙago ta ba. A cikin shekarar 1859 wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya haɗa batir na darma da ruwan batir wanda ake iya sake yi wa caji in ya ƙare. Shi ne kakan batirin da ke cikin motarka a yau. A shekarar 1881 wani ɗan ƙasarsu, Gustave Trouvé, ya ɗora batir da ɗan injin lantarki a kan keke mai ƙafa uku, ya tuƙa shi a titin birnin Faris. Ka ga ke nan ya riga Bajamushen nan Karl Benz, wanda sai a 1886 ya yi rajistar motarsa mai shan fetur. Kafin 1897 ta ƙare, motocin haya masu batir sun fara ɗaukar fasinja a Landan da Niyok. A 1899 kuwa wani ɗan Beljiyam, Camille Jenatzy, ya zama mutum na farko da ya wuce gudun kilomita 100 a awa guda a cikin mota, kuma motar lantarki ce ya yi wannan bajinta da ita.

A wajen shekarar 1900, kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka masu batir ne. Dalili kuwa, motar fetur ta wancan zamani wahala ce zalla. Ba ta da makullin tayarwa, sai mutum ya tsaya a gabanta ya zura wani ƙarfe ya yi ta murɗawa, in injin ya yi tutsu ƙarfen ya dawo ya karya masa hannu. Ga hayaƙi, ga ƙara, ga fama da giya. Ita kuwa ta lantarki shiga kawai za ka yi ka tafi. Shi ya sa likitoci da matan attajiran birni suka fi son ta. Kai, hatta Clara, matar Henry Ford, motar lantarki ƙirar Detroit Electric take hawa.

To, me ya kayar da ita? Abu na farko shi ne farashi. A 1908 Henry Ford ya fito da motarsa mai suna Model T a kan dalar Amurka 850. A 1913 ya shigo da tsarin nan na ƙera mota a jere, kowane ma'aikaci na tsaye wuri guda yana ɗaura abu guda, motar na wucewa ta gabansa. Nan da nan farashi ya yi ta sauka, har ya kai dala 260 a 1925, kuma kafin a daina ƙera ta a 1927 an yi fiye da miliyan 15. Motar lantarki ba ta iya bin wannan sahu ba. A 1912 ana sayar da ita wajen dala 1,750, alhali ta fetur ba ta wuce 650 ba.

Abu na biyu, a wannan shekara ta 1912 kamfanin Cadillac ya sa wa motocinsa sitata, wadda Charles Kettering ya ƙago, aka huta da murɗa ƙarfe. Na uku, tun 1901 aka haƙo mai mai ɗimbin yawa a jihar Teksas, fetur ya yi araha, gidajen mai suka bazu, alhali ƙauyukan Amurka da yawa ba su da wutar lantarki. Manomi dai ba zai sayi motar da ba shi da inda zai yi mata caji ba. Kafin 1935 motar lantarki ta kusa ɓacewa daga kan hanya. 'Yan waɗanda suka saura su ne irin motocin raba madara gida-gida a Ingila, masu tafiya sannu a cikin unguwa.

Haka aka zauna har shekarar 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka da wasu ƙawayenta mai saboda yaƙin da aka yi da Isra'ila a watan Oktoba. Farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu, aka yi ta dogayen layuka a gidajen mai, irin dai wanda ka sani. Sai aka tuna da tsohuwar zuma. A 1974 wani ƙaramin kamfani a jihar Filorida ya fito da wata 'yar mota mai kujera biyu, sunanta CitiCar, a kan abin da bai kai dala 3,000 ba. Araha kam ta yi, amma gudunta bai fi kilomita 60 a awa ba, kuma in ta yi tafiyar kilomita 60 ɗin sai caji. Dubu biyu da 'yan kai aka ƙera, kamfanin ya durƙushe a 1977.

A 1990 jihar Kalifoniya ta kafa doka cewa dole manyan kamfanoni su riƙa sayar da wasu motoci marasa hayaƙi. Daga nan General Motors ya fito da EV1 a 1996. Guda 1,117 kaɗai aka yi, ba a kuma sayar wa kowa ba, haya ake bayarwa. Daga bisani kamfanin ya karɓe su ya murƙushe mafi yawansu, yana cewa ba riba. A Indiya ma an gwada. A 2001 aka fara ƙera wata 'yar ƙarama mai suna Reva a birnin Bangalor, har ta sami 'yar kasuwa a Landan, amma 'yan dubbai kawai aka sayar. Matsalar duk ɗaya ce. Batirin darma yana da nauyin tsiya, wutar da yake riƙewa kuma kaɗan ce. In ka sa kaɗan mota ba ta nisa, in ka sa da yawa ta yi nauyi ta yi tsada.

Maganin bai fito daga wajen maƙeran mota ba, daga masu kayan lantarki na hannu ya fito. A 1991 kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da batirin lithiyam, wanda aka yi domin kyamarar bidiyo da wayar hannu, daga baya har da kwamfuta. Shi ne irin wanda ke cikin wayarka. Ba shi da nauyi, yana kuma riƙe wuta ninkin-ba-ninkin na darma. Masana uku da suka share fagensa, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun sami lambar yabo ta Nobel a 2019. Da wannan batir ne kamfanin Tesla ya fito da motarsa ta farko a 2008, a kan kuɗin da ya kai dala 100,000. A ƙarshen 2010 Nissan ya fito da Leaf, motar iyali mai kujera biyar, a kan wajen dala 33,000, tana tafiyar kilomita 117 kafin caji. An sami ci gaba, amma har a lokacin ba ta mai ƙaramin ƙarfi ba ce.

A nan sai ka natsu, Malam, domin nan ne gundarin amsarka. Ana auna girman batirin mota da irin yunit ɗin nan da kake saye a mitar wutar gida. A 2010, kowane yunit guda na girman batir yana cin fiye da dala 1,000 wajen saye. A 2024 ya sauko zuwa wajen dala 115. To yi lissafi da kanka. Batir mai yunit 30, wanda ya ishi ƙaramar mota, a da ya haura dala 30,000 shi kaɗai, ba a zo maganar taya da kujeru ba. A farashin 2024 kuwa wajen dala 3,500 ne. Wannan faɗuwa ita ce ta haifi motar lantarki mai araha.

Ƙasar Sin ce ta fi kowa cin gajiyar abin. Tun 2009 gwamnatinta ta shiga tallafa wa masu ƙerawa da masu saye, ba ta janye tallafin saye ba sai ƙarshen 2022, lokacin da masana'antun suka tsaya da ƙafafunsu. Sun kuma rungumi wani nau'in batirin lithiyam da ake haɗawa da ƙarfe da fosfet. Wannan ba ya buƙatar ma'adinin kobal mai tsada, wanda kusan kashi 70 cikin 100 nasa daga Kwango ake haƙo shi. A watan Yuli na 2020 aka fito da Wuling Hongguang Mini a kan yuwan 28,800, wato wajen dala 4,200. 'Yar ƙarama ce mai kujera huɗu, mafi arahar cikinsu kilomita 120 take yi kafin caji, amma kafin 2023 ta ƙare an sayar da fiye da miliyan guda. A 2023 kamfanin BYD ya fito da Seagull, mai ƙofa huɗu, mai tafiyar wajen kilomita 300 bisa awon ƙasar, a 2024 kuma farashinta ya sauko ƙasa da dala 10,000. A Indiya, Tata ya fito da Tiago mai batir a 2022 a kan kusan wannan kuɗi. A 2024 an sayar da motocin da ake yi wa caji fiye da miliyan 17 a duniya, wato ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar, kuma fiye da miliyan 11 a ƙasar Sin aka saye su. Ka ga abin da Ford ya yi wa motar lantarki da farashi, yau shi ake yi wa motar fetur.

Sai dai fa farashin da ka ji a rediyo na can ne, ba na ƙofar gidanka ba. A 2024 Amurka ta ɗora wa motocin lantarki na ƙasar Sin harajin kashi 100 cikin 100, Tarayyar Turai ma ta ƙara nata. Ita Seagull ɗin da aka kai ta Turai a 2025, aka ƙara mata kayan kariya aka sake mata suna, kuɗinta ya fi ninki biyu. Kai ma in za ta iso gare ka, sai ka haɗa da kuɗin jirgin ruwa da kuɗin fito da canjin dala da ribar dillali.

A nan Afirka, Habasha ta yunƙura. A 2024 ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan fetur ko gas, domin wutarta daga madatsun ruwa take samu, mai kuwa sai ta saya da kuɗin waje. A Nijeriya, an fara harhaɗa Hyundai Kona mai batir a Legas a ƙarshen 2020, a 2021 kuma aka buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri ma wani matashi, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen cire wa ƙananan bas-bas injin mai yana sa musu batir. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a 2024, shi ya sa irin tambayarka ta yawaita.

To, in kana da niyya, ga abin da tarihin nan ya koya mana ka tambaya kafin ka ba da kuɗinka. Na ɗaya, a ina za ka yi caji? Ƙaramar mota tana cin yunit 12 zuwa 15 a tafiyar kilomita 100. Duba kuɗin yunit a garinku, ka gwada da kuɗin man da kake sha a wannan tafiya. In akwai wuta tsayayya ko farantan hasken rana, ribar a fili take. In kuwa da janareto za ka yi cajin, ka koma gidan jiya, man dai za ka saya.

Na biyu, yaya lafiyar batirin? Motar lantarki ba ta da filogi, ba kafireto, ba salansa, ba juyen baƙin mai, saboda haka zuwa wurin kanikawa ya ragu. Amma batirin yana tsufa, zafi kuma yana gaggauta tsufansa. A 2012 masu Leaf a jihar Arizona mai zafi sun koka cewa nasu ya rage ƙarfi da wuri, domin ba shi da na'urar sanyaya shi da ruwa. Zafinmu na bazara kuwa ka san shi. Yawancin kamfanoni suna ba da lamunin shekara 8 ko kilomita 160,000 a kan batir. In 'yar Kwatano ce ta wuce wannan, sa a auna maka abin da ya saura na ƙarfinsa, ka kuma tambayi kuɗin sabo da inda ake samunsa, don kada arahar ta zame maka tsada.

Na uku, wace irin tafiya kake yi? In zirga-zirgar cikin gari ce, kana kwana a gida motar na kwana a kan caji, ƙaramin batir ya ishe ka. In kuwa lodin Funtuwa zuwa Legas kake yi, 'yar ƙaramar nan mai araha ba ta aikinka ba ce, domin ba za ta kai ka ba sai da tsayawa caji sau da yawa.

A taƙaice dai Malam, gaskiya ne akwai masu araha, kuma saukar kuɗin batir ce ta kawo su. Amma amfaninta gare ka ya rataya ne a kan wutar garinku da lafiyar batirin da aka sayar maka.