Hanyar Burji a Ƙasar Masu Kwalta

Duk wanda ya san Wendover Avenue ya san ba titin keke ba ne. Ya ratsa Greensboro daga gabas zuwa yamma, layi-layi na motoci, shagunan sayar da mota a dama da hagu, har ya dangana da High Point. Mai keke a nan sai dai ya riƙa salati. Shi ya sa ranar Asabar da safe za ka ga mutane sun ɗaure kekunansu a bayan mota sun nufi kudu. Wai hanyar da ba kwalta suke nema. Abin da mu a gida muke kira hanyar burji, wadda ɗan siyasa ke zuwa ƙauye ya yi alkawarin zai raba mu da ita, ita ce nan ake sayen keke mai tsada domin a hau. Ni ma ina cikinsu, idan jadawalin asibiti ya bar ni.

Abin dariyar shi ne, masu keke ne suka fara yi wa Amurka kukan a gyara hanya. A 1880 aka kafa ƙungiyar League of American Wheelmen a garin Newport na jihar Rhode Island. Lokacin babu mota. Da ka fita daga birni, damina laka, rani ƙura. 'Yan ƙungiyar suka yi ta rubuce-rubuce, a 1892 suka fito da mujalla mai suna Good Roads, suka matsa wa gwamnati har a 1893 ta buɗe wani ɗan ofishin binciken hanyoyi a ƙarƙashin ma'aikatar gona. Manoma da farko ba su yarda ba. A ganinsu 'yan birni ne ke son a kashe harajin talaka don su sami wurin wasa. Daga baya suka gane cewa lakar da ke kama tayar keke ita ce ke hana keken dokinsu kai taba da auduga kasuwa.

A wannan yanki namu na tsakiyar North Carolina, wanda ake ce wa Piedmont, ƙasar ja ce mai yumɓu. Idan ta sha ruwa tana kama ƙafa kamar danƙo. Tun kafin zuwan keke an gwada dabaru. A 1849 aka ba wani kamfani izinin shimfiɗa hanyar katako daga Fayetteville, aka gama ta a 1854, mil 129 har Bethania. Katako fa, jama'a, an jera shi falle-falle, ana karɓar kuɗi a ƙofofi. Ta bi ta Asheboro, kuma a inda ta gitta layin dogo ne garin High Point ya tashi. Amma katako ruɓewa yake yi, jirgin ƙasa kuma ya kwashe ciniki, don haka ba ta yi tsawon rai ba.

To, wa ya yi aikin hanyoyin da suka biyo baya? Nan ne labarin ke da ɗaci. Da can doka ta wajabta wa duk namiji mai lafiya ya ba da wasu kwanaki a shekara yana gyaran hanyar unguwarsu. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1865 aka 'yanta bayi, sai gundumomi suka koma ga fursunoni. Ana ɗaure su da mari a ƙafa, su yini suna fasa dutse da haƙa lambatu, mai gadi na tsaye da bindiga. Mafi yawansu baƙar fata ne, da yawa kuma laifinsu bai wuce zaman kashe wando ko kasa biyan tara ba. Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa wannan, don kalmar 'yan sarƙa tana nan cikin harshenmu, kuma tsofaffinmu sun ba da labarin aikin tilas na zamanin Turawa, da layin dogon da ya iso Kano a 1911. A 1933 jihar ta haɗe hukumar gidajen yari da ta hanyoyi suka zama abu ɗaya, sai a 1957 aka raba su. Ka ji yadda hanya da kurkuku suka shaƙu.

Wadda ta juya al'amarin mace ce, Harriet Morehead Berry, 'yar Hillsborough, wadda har yau ake kira uwar hanyoyi masu kyau. Ta zagaya jihar tana tara manoma da 'yan kasuwa a ƙungiyar neman hanya. A 1919 majalisa ta yi wata doka da ba ta gamsar da ita ba, sai ta ƙara zage dantse. A 1921, zamanin Gwamna Cameron Morrison, aka amince a ciyo bashin dala miliyan 50 don a gina mil 5,500 da za su haɗa hedikwatocin gundumomi, aka sa harajin santi ɗaya a kan kowane galan na fetur. A 1931, da tattalin arziki ya karye gundumomi suka kasa, jihar ta karɓe hanyoyinsu gaba ɗaya. Dalilin da ya sa ke nan yau take riƙe da kusan mil 80,000, babu wadda ta fi ta sai Texas.

Duk da haka mutumin karkara yana cikin laka. Sai Kerr Scott ya zo, manomi mai kiwon shanun madara daga Haw River, nan gabas da mu kaɗan. Ya zama gwamna a 1949, ya kai wa jama'a ƙuri'ar ciyo bashin dala miliyan 200 don hanyoyin ƙauye, suka amince. Hujjarsa mai sauƙi ce: motar makaranta ta iso, madara ta fita kafin ta lalace, likita ya sami hanya. A 1989 kuma aka kafa asusu na musamman wanda cikin ayyukansa har da sa wa sauran hanyoyin ƙasa kwalta, ana farawa da waɗanda mota ta fi bi.

Saboda haka burjin da muke hawa yau ragowa ce. Hanya ce da aka ƙirga motocinta aka ga ba su kai ba, ko wadda ta faɗa cikin dajin gwamnati. Mafi kusa da mu shi ne dajin Uwharrie, tafiyar kamar awa ɗaya kudu da Greensboro, bayan ka wuce Asheboro. Tuddansa ba su da tsawo, zaizayar miliyoyin shekaru ta cinye su, amma hawa da gangara ba sa ƙarewa, cinya kuwa tana ji a jikinta. Gwamnatin tarayya ta fara sayen gajiyayyun gonakin wurin a shekarun 1930, Shugaba Kennedy ya mai da shi dajin ƙasa a 1961, eka kusan 50,000.

Sunayen ƙauyukan ma tarihi ne. Akwai Eldorado, akwai Ophir, duk sunayen zinariya. A 1799 wani yaro, Conrad Reed, ya tsinci dunƙulen zinariya mai nauyin fam 17 a rafin gonar ubansa a gundumar Cabarrus, iyalin suka yi shekara uku suna tokare ƙofa da shi ba su san mene ne ba. Daga nan haƙa ta bazu har cikin tuddan Uwharrie, tun kafin a ji labarin zinariyar Kalifoniya. Wasu hanyoyin da ke gangarawa wajen tafkin Badin suna bi ta kusa da tsofaffin ramuka. Kafin masu zinariya kuma, 'yan asalin ƙasar sun shafe dubban shekaru suna fasa dutsen Morrow Mountain suna yin kan mashi.

Wasan tseren burji shi kansa sabo ne. Gasar da ta fi suna, wadda yanzu ake kira Unbound Gravel, a 2006 aka fara ta a Emporia ta jihar Kansas, mutum 34, mil 200. Abin da ya jawo mutane ba ɓoyayye ba ne: tsoron mota, da direban da idonsa ke kan waya. Jikokin waɗanda suka nemi a gyara hanya sun sami abin da suka roƙa, mota ta zo ta kore su daga kai.

Amma ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma akwai abin da ba na mantawa idan na ji abokan hawa suna cewa kada a taɓa burji. Mai ciwon zuciya da mai shanyewar ɓarin jiki minti ake ƙirga musu, motar asibiti kuwa ba ta gudu a kan tsakuwa. Ƙurar da muke wucewa cikin daƙiƙa goma, tsohuwa mai asma tana shaƙarta kullum a barandarta. Wanda ya taɓa ganin an ɗauko mai naƙuda daga ƙauye a kan babur cikin damina ba zai yi wa kwalta ba'a ba. Idan mutanen wata hanya suka ce suna son kwalta, maganarsu ce gaba da tamu, mu da ke zuwa ranar Asabar mu koma. Hanyoyin cikin dajin gwamnati, inda ba gidan kowa, sun ishe mu.

Abin da nake roƙon mai hawa kaɗan ne. Ka rage gudu idan ka zo gaban gida, ka ɗaga hannu ka gaisa, ka sayi ruwa a shagon ƙauyen. Ka sa hular kwano, ka gaya wa wani inda za ka, don waya ba ta kamawa ko'ina a dajin. Lokacin farautar barewa a kaka ka sa riga mai launin lemo. Idan kuma ka tsaya hutawa a kan tudu, ka tuna da waɗanda suka yi aikin hanyoyin wannan jiha da mari a ƙafa, ba a rubuta sunan ko ɗaya a allon bakin hanya ba.