Zagi a gem ɗin intanet: gyare-gyaren da kamfanoni suka yi wa fuskar wasa, da yadda za mu amfana da su

Duk wanda yake buga Call of Duty Mobile ko PUBG Mobile ko Free Fire ya san yadda abin yake. Gem zai haɗa ka tawaga ɗaya da mutanen da ba ka taɓa gani ba, kana buɗe makirfo suka ji harshenka sai wani ya ce "aboki", wani ya ce "malo", wani ma ya jefa maka sunan 'yan ta'adda. Idan muryar mace ce kuwa, abin ya fi muni. Namu yaran ma fa ba kanwar lasa ba ne, akwai masu zagin uwa da zagin ƙabila kamar ba gobe.

Ni ɗan Panda ne, nan kusa da Keffi a jihar Nasarawa. Babanmu falken shanu ne, kuma da yawa cikin waɗanda nake buga gem da su 'ya'yan abokan cinikinsa ne da ke Agege da Sabon Ibadan da Lokpanta. Shi ya sa na tattaro abin da kamfanonin gem suka yi a kan wannan matsala, don mai bugawa ya san inda zai taɓa, iyaye kuma su san abin da ke cikin wayar yaransu.

Mece ce fuskar wasa?

Fuskar wasa ita ce duk abin da kake gani kake dannawa a sikirin: alamar makirfo, alamar lasifika, akwatin rubutu, maɓallin kai ƙara, da saƙonnin da ke fitowa kafin a fara ko bayan an tashi. Masu ƙera gem sun gano cewa yadda aka jera waɗannan abubuwa yana canza halin mutane. Kamar kara ce. Idan ƙofa ɗaya ce ta shiga da fita, dole shanu su yi ta tunkuyin juna, komai kyan halinsu. A ƙara ƙofa, a raba turke, faɗa ya ragu ba tare da an ɗaga sanda ba.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Wata ƙungiya a Amurka mai suna ADL ta yi bincike a 2019, ta samu kashi 74 cikin 100 na manyan da ke buga gem da wasu ta intanet a ƙasar sun taɓa fuskantar cin zarafi. Kamfanin Riot Games, masu League of Legends, su kuma sun gano wani abu da ya ba mutane mamaki: waɗanda zagi ya zame musu ɗabi'a kullum ba su wuce kashi 1 cikin 100 ba, kuma kaɗan ne daga cikin zagin ke fitowa daga bakinsu. Mafi yawansa daga mutanen kirki ne da ranar ta ɓaci musu. Ke nan kora kaɗai ba za ta yi magani ba, sai an gyara wurin da ake haɗuwa.

1. Rufe ƙofar hira tun daga farko

A da, kana shiga League of Legends kana ganin duk abin da abokan hamayya suke rubutawa. A 2012 Riot suka juya abin: hira da ɗaya ɓangaren tana rufe, sai wanda ya ga dama ya shiga saiti ya buɗe da kansa. Ba su hana kowa magana ba, wurin da maɓallin yake tsayawa kawai suka canza. Kamfanin ya ce munanan kalamai sun ragu da fiye da kashi 30 cikin 100. Dalili a fili yake. Mai neman tsokana yana buƙatar masu sauraro, idan ba kowa a dandali sai ya haƙura.

Wasu sun wuce haka. Nintendo ta fitar da Splatoon a 2015 babu hirar murya sam. Journey na 2012 kuwa, ba rubutu ba murya, ko sunan wanda kuke tafiya tare ba ka gani sai an kai ƙarshe.

2. Yin nuni maimakon magana

Wannan shi ya fi yi mana amfani. Apex Legends ya fito a Fabrairun 2019 da wani tsari da kake nuna abu ka danna sau ɗaya, ɗan wasanka na cikin gem ya faɗa wa tawaga da bakinsa: ga maƙiyi can, ga harsashi nan, mu bi ta can. Kana iya gama wasa gaba ɗaya ba wanda ya ji muryarka, balle ya san kai Bahaushe ne ko mace ce. Ba a jima ba Fortnite ya kwaikwaya, kuma a 2021 kamfanin EA ya ba da izini kowa ya yi amfani da fasahar kyauta. PUBG Mobile da Call of Duty Mobile duk suna da nasu alamun nuni da gajerun saƙonni da aka riga aka shirya. Ga wanda netwok ke yi wa wasa irin namu na ƙauye, nuni ya ma fi murya isa da wuri.

3. Kalmomin da aka ƙayyade

A wasu gem ba ka da damar rubuta abin da ka ga dama, sai dai ka zaɓa cikin 'yan kalmomi. Hearthstone na 2014 guda 6 kacal ya bayar. Among Us ya ƙara irin wannan a 2021 saboda ƙananan yara.

Amma fa ɗan Adam sai Allah. A Hearthstone akwai kalmar ba da haƙuri, sai mutane suka mayar da ita abin gori, su lallasa ka sannan su yi ta danna maka ita. A 2016 kamfanin Blizzard ya cire ta. A Clash Royale kuma hoton sarki mai dariya ne ya ishi mutane. Da farko kamfanin Supercell ya ƙi sa maɓallin rufe shi, da ƙorafi ya yi yawa suka sa a 2016 ɗin. Rocket League ya bi ta wata hanya: idan ka yi ta maimaita saƙo ɗaya, sai a rufe maka hira na 'yan daƙiƙu. Overwatch ma a 2016 ya yi wata dabara mai ban dariya. Masu nasara sun saba rubuta "gg ez", wato wasan ya yi musu arha. Sai aka saita gem ɗin yana sauya rubutun da wata magana da ke mayar da mai rubutawar abin dariya.

4. Yabo da makin hali

Duk wanda ya san cinikin shanu a kudu ya san bashi ake bayarwa, kuma ba takarda ke riƙe shi ba. Maigida da dillali sun san mahaucin da ke biya da wanda ke cinyewa, wanda sunansa ya ɓaci ba mai sake ba shi ko ɗan maraƙi. Masu gem sun ɗauko irin wannan.

A Yunin 2018 Overwatch ya sa tsarin da bayan an tashi wasa kake yaba wa wanda ya yi jagoranci, ko ya taimaki tawaga, ko ya nuna dattako. Matakin yabon daga 1 zuwa 5 ne, kuma kowa yana gani a jikin sunanka. A 2019 Blizzard ta ce munanan halaye sun ragu da kashi 40 cikin 100. A Dota 2 akwai makin hali da ke kaiwa 12,000 tun 2023, wanda makinsa ya faɗi ƙasa sosai ana karɓe masa makirfo da rubutu. Akwai kuma wani layi na daban da ake tura masu laifi su yi ta bugawa da junansu sai sun ci wasu wasanni kafin su dawo cikin jama'a, kamar yadda ake ɗaure bijimi mai faɗa a turkensa shi kaɗai. A PUBG Mobile maki 100 ne, mai kashe abokan tawagarsa da gangan ana rage masa, idan ya sauka ƙasa da 60 ba zai ƙara shiga tawaga ba sai ya farfaɗo da makin shi kaɗai.

5. Kai ƙara da hujja, da hukunci da wuri

A 2011 Riot suka buɗe wata kotu da 'yan wasa da kansu ke karanta hirar wanda aka kai ƙara su yanke hukunci. Ta yi jinkiri da yawa, a 2014 aka dakatar da ita. Darasin da suka ɗauka shi ne, idan hukunci ya zo bayan wata guda mutum ya manta laifinsa, gani zai yi zaluntarsa aka yi. A 2015 suka kawo tsarin da cikin minti 15 da tashi daga wasa ake turo maka hukunci tare da kalmomin da ka rubuta da hannunka. Ba musu.

Murya ta fi wuya, don ba ta barin sawu. PlayStation 5 ya zo a 2020 da damar tura daƙiƙa 40 na muryar da aka zage ka da ita. Xbox ya sa na daƙiƙa 60 a 2023, kuma a shekarar ya fito da tsarin jan kunne: ashar maki 1, cin zarafi 2, kalaman ƙiyayya 3, idan suka kai 8 an rufe maka hira da wasan haɗaka na shekara guda. Fortnite kuma yana ajiye minti 5 na ƙarshe na hirar murya don mai kai ƙara, kuma ga 'yan ƙasa da shekara 18 a kunne yake kullum.

6. Na'ura mai sauraro

A 2023 Activision ta sa wata manhaja mai suna ToxMod, ta kamfanin Modulate, a Call of Duty na kwamfuta da na'urar wasa. Tana sauraron hirar murya, ta ware abin da ya yi kama da cin zarafi ta miƙa wa kamfani. A farkon 2024 suka ce an hukunta asusu fiye da miliyan 2, kuma a cikin kowane laifi 5 da na'urar ta kama, 1 ne kawai wani ya kai ƙara a kansa. Wato yawancinmu haɗiyewa muke yi.

Inda gizo ke saƙar

Duk waɗannan an ƙera su ne da Turanci a gaba. ToxMod da Turanci ta fara, sannan aka ƙara mata harsunan Turai irin Sifaniyanci. Matatar da ke toshe ashar a rubutu takan bar zagin Hausa da na Yarabanci da na Ibo da na burokin su wuce salin alin. Kuma ko da an koya wa na'ura Hausa, me za ta yi da kalmar "aboki"? A ƙamus kalma ce mai kyau. Sai wanda ya zauna Legas ko Anaca ya san lokacin da ake nufin raini da ita.

Wani gyaran ma talaka yake bugewa. Da Overwatch 2 ya fito a Oktoban 2022, an ce sai da lambar waya za a shiga, don wanda aka kora kada ya buɗe sabon asusu. Sai tsarin ya ƙi karɓar layuka da yawa na masu sa kati, aka rufe wa mutanen da ba su yi laifin komai ba ƙofa, har kamfanin ya sassauta. Haka kuma maɓallin kai ƙara kansa makami ne, mutum huɗu suna iya haɗa baki su kai ƙarar wanda bai ji ba bai gani ba. Rufe hira gaba ɗaya ma yana da nasa hasara, don Riot da kansu sun sanar a 2021 za su cire hira da abokan hamayya, 'yan wasa suka yi ca, dole suka ja da baya.

Abin da za ka yi tun yau

Kafin a fara wasa, taɓa alamar lasifika ka mayar da ita kan tawaga kaɗai, kada ka bar ta kan kowa da kowa. Koyi alamun nuni, sun ishe ka wasa da baƙi. Wanda ya fara zagi ka rufe muryarsa nan take, an tashi ka kai ƙararsa, ka zaɓi dalilin da ya dace. Idan akwai wurin rubutu, ka yi bayanin ma'anar kalmar da Turanci a taƙaice, don mai dubawa ba lallai ya ji Hausa ba. Kada ka rama, domin tsarin ba ya tambayar wa ya fara, abin da ya fito daga bakinka yake dubawa. Kada ka sa unguwarku ko lambar wayarka a sunan da kake wasa da shi. Idan abu ya kai ga barazanar kisa ko duka, ka ɗauki hoton sikirin ka ajiye. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci kan barazana a sashe na 24.

Iyaye kuma, ƙwace waya ba ya hana yaro ya ari ta abokinsa. Ku zauna da shi ya nuna muku saitin murya, ku ga da su wa yake bugawa.

Mu da muke da 'yan uwa a unguwannin da aka cakuɗa mun san tsadar baki. Rikicin kasuwar Sasa a Ibadan a Fabrairun 2021 daga cacar bakin mutane kaɗan ya faro, aka yi asarar rayuka da shaguna. Yaron da kuka zagi juna da shi a gem da daddare, mai yiwuwa layi biyu ne tsakaninku, kuma gobe ku haɗu a tashar mota. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya ba iyayenmu sa'ar kasuwa.