Yadda Iyaka Ta Ratsa Gidajenmu: Abin da Kakanni Suka Faɗa Mana

 

Bara, bayan an gama girbin hatsi, wani baƙo ya sauka a garinmu daga ƙasar Katsina. Magidanci ne, har ya fara furfura. Ya ce ya zo neman gidan kakansa, wanda ya bar nan tun zamanin Nasara. Bai zo da takarda ba. Abin da ya riƙo kawai shi ne laƙabin kakan, da irin zanen fuskarsa, da cewa ƙofar gidan tana duban wata rijiya mai gawo a gefenta. Mai gari ya tara dattawa, aka rasa wanda ya sani. Sai da aka kai shi wurin wata tsohuwa da ido ya fara gagara. Da ta ji laƙabin, ta yi shiru, can ta ce ai ƙanen kakanta ne, wanda ya fita da dare bai dawo ba. Ran nan an yi kuka, an yanka akuya. Mu kuwa muka tambayi kanmu: da Allah ya karɓi ran wannan tsohuwa a damina, wa zai shaida baƙon? Da ya koma da sunan bare, alhali ɗan gida ne.

Wannan ya sa muka ga ya kamata mu haɗa abin da muka ji daga bakin kakanni da abin da ke cikin littattafan tarihi, don kowa ya san yadda aka yi danginmu suka rabu gida biyu.

Tun kafin Turawa akwai wata irin iyaka a wannan ƙasa. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya fara a 1804, birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi wajen 1807. Sarakunan Katsina na dauri suka yo arewa da jama'arsu. Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi, wani reshe na gidan ya riƙe Tasawa, Gobirawa kuma daga baya suka kafa Tibiri. Tsakanin waɗannan garuruwa da Katsina aka bar daji mai faɗi, mahaya suna ratsa shi su kai hari, a kama mutane a kore dabbobi. Kakanninmu sun ce a lokacin mutum ba ya noma nesa da gari, mata kuma ba sa zuwa itace sai da rakiya. Duk da haka fatake suna wucewa da kanwa da gishiri zuwa kudu, su dawo da tufafi da goro. Yaƙi na sarakuna ne, kasuwa da aure na talakawa.

Rabon da ya dame mu an yi shi ne a teburi, a Turai, ba da saninmu ba. A 1890 Faransa da Ingila suka ja layi a taswira daga Sayi, bakin kogin Kwara, zuwa Barruwa, bakin tafkin Cadi. A ranar 14 ga Yuni 1898 suka sake zama. Suka zana da'ira mai nisan mil 100, wato wajen kilomita 160, kewaye da Sakkwato, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne, daga nan layin ya karyo gabas. A wannan rabo Maraɗi da Tibiri sun faɗa ɓangaren Ingila, Mayahi da Tasawa kuwa ɓangaren Faransa. Ku duba fa, da an tsaya a nan, da yau mai zuwa kasuwar Maraɗi daga garinmu sai ya tsallaka ƙasa.

Labarin wannan takarda bai iso mana ba, sai wuta ta iso. A 1899 rundunar Kyaftin Voulet da Chanoine ta taso daga yamma za ta tafkin Cadi. Ta yi yaƙi da Sarauniya a Lugu a watan Afrilu, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a watan Mayu, sannan ta shigo ƙasarmu tana ƙone garuruwa tana kwashe hatsi da mutane. Gwamnatin Faransa ta aiko Kanar Klobb ya tsayar da su. A ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe shi a Ɗankori, kusa da Tasawa. Cikin kwana uku sojojinsu baƙaƙen fata suka juya musu baya, suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi. Sauran rundunar ta wuce ta ci Damagaram a ƙarshen watan.

Kusan kowane gida a nan yana da nasa guntun wannan labari. A wani gida an ce uwa ta ɓoye ƴaƴanta biyu cikin rumbu ta rufe su da zangarniya. A wani an ce gari duka ya watse cikin daji, aka kwana bakwai ana cin ɗanyen hatsi don tsoron kada a ga hayaƙi. Tsofaffi ba su riƙe shekarar da lissafin Turawa ba. Sun riƙe ta da wanda aka haifa a gudun, da wanda ba a sake gani ba.

Bayan Faransawa sun zauna Damagaram, sai suka ga rabon 1898 bai yi musu ba. Hanyarsu daga kogin Kwara zuwa Damagaram dole ta kewaya ta arewa, cikin ƙasar da rijiyoyi ke da nisa da zurfi, ayarinsu yana wahala. Suka koma wa Ingila da kuka. Ita kuwa Ingila ta riga ta ci Kano da Sakkwato a 1903. A yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904, da wadda ta biyo baya a 29 ga Mayu 1906, aka janyo layin kudu, Ƙonni da Tibiri da Maraɗi suka dawo hannun Faransa. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi layin da ƙafa suna kafa turaku, aka tabbatar da aikinsu a 1910. Ruwan sha na ayarin soja shi ya yanke inda iyaka za ta bi. Ba wanda ya tambayi mai gona ko mai ƴa a gidan miji. Daga nan mutane suka riƙa cewa wane yana Faransi, wane yana Ingilishi, kamar sunan unguwa.

Gaskiya guda ce, dole a faɗe ta: hare-hare sun ƙare. Da tsoro ya kau, mutane suka fita daga manyan garuruwa suka sari daji, suka haƙa rijiyoyi a kwarin Gulbin Kaba da arewacinsa. Da yawa daga ƙauyukan Mayahi da Kanambakashe masu suna Gidan wane a wannan zamani aka kafa su. Amma abin da aka samu da hannun dama an karɓe da hagu. Aka ɗora lanho a kan kowane kai, kuma aka ƙi karɓar wuri, sai tamma. Mai hatsi dole ya sayar da araha don ya sami kuɗin Nasara. Aka zo da aikin tilas, ana ɗibar majiya ƙarfi su yi hanya, su ɗauki kaya a ka, su gina bariki, sau da yawa a tsakiyar damina. Kumandan yana iya ɗaure mutum ba shari'a. A lokacin yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 aka riƙa neman samari don soja.

A kan wannan kuma sai ga yunwar Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda ta ci ƙasar Hausa kudu da arewa. Tsofaffi sun ce an tona gidan tururuwa don neman ƙwaya, an ci anza da ganyaye, wasu sun ba da ƴaƴansu riƙo ga wanda ke da abin ba su. Lanho bai tsaya don yunwa ba.

To, a nan ne gidaje suka rabu. Yadda aka fi ba mu labari shi ne: ƴan'uwa biyu su zauna da dare su yi shawara. Babba ya tsaya, don gona da tsofaffi da kabarin uba. Ƙarami ya ɗaura wa jaki tabarma da ɗan hatsi, ya fita kafin asuba, ba sallama don kada labari ya kai kunnen masu ƙidaya. Kwana uku ko huɗu yana bin hanyar daji, ya faɗa ƙasar Katsina ko Daura. Can mai gari yana murna da baƙo, don ƙaruwar jama'a ƙaruwar haraji ce, sai ya yanka masa daji. Wasu sun wuce har Kano, inda jirgin ƙasa ya iso a 1911 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Abin mamaki, jikokin waɗanda suka gudo arewa saboda jihadi su ne suka koma kudu saboda lanho.

Kada yara su ɗauka Ingilishi aljanna ce. Can ma akwai haraji da jangali, kuma daga 1942 zuwa 1944 an tilasta wa dubban talakawa zuwa haƙar kuza a Jos. Sai dai kakanninmu sun auna kaya biyu suka ɗauki wanda suka ga ya fi sauƙi. Waɗanda suka tsaya kuma sun biya lanhon waɗanda suka tafi, don sunan mutum yakan daɗe a littafin kumandan bayan mai sunan ya yi nisa. Wannan ya bar ɗaci a wasu gidaje har yau, ko da ba a faɗa.

A 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen Faransa, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Wasu suka dawo, da yawa kuma sun riga sun yi aure sun yi rassa. A 1960 Nijar ta sami mulkin kai ran 3 ga Agusta, Najeriya ran 1 ga Oktoba, aka bar iyaka inda Tilho ya kafa ta. Mu ma mun ɗanɗana ta. An kori baƙi daga Najeriya a 1983. An rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, daidai lokacin fari, har mutanenmu suka sa wa yunwar suna El Buhari. An sake rufewa a 2019, da kuma 2023. Duk lokacin da aka rufe, wanda ya san gidan danginsa a ƙetare ya fi samun wurin kwana da mudun hatsi. Hanyar da muke bi yau zuwa cin rani, sawun jakin kakanninmu ne.

Saboda haka ga roƙon ƙungiya. Kowane gida ya ware yaro ɗaya da ya yi lakwal ko ya iya ajami, a saya masa littafin rubutu. Ya zauna da tsoho ko tsohuwar gidan, musamman mata, don su suka fi riƙe aure da haihuwa. Ya tambaya: wa ya tafi, a zamanin wane sarki ko wace yunwa, wane gari ya nufa, wa ya aura, wace gona ya bari kuma wa ke nomanta yanzu. A rubuta yadda aka faɗa, ba gyara. Mai waya ya ɗauki muryar. Ku kuma da ke Katsina da Kano da Daura, ku nemi zuriyar waɗanda suka tafi, ku kai musu gaisuwa, ku rubuto sunayen kakanninsu. A kawo duka wurin taronmu na bayan Sallah, mu haɗa su littafi guda a ajiye a hannun mai gari.

Ba don tayar da rigimar gado muke wannan ba. Don kada ɗan gida ya sake tsayawa a bakin rijiyar kakansa yana tambayar hanya ne. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, amma ƙafa ba ta zuwa inda ba ta san suna ba. Dattawan da suka ji daga bakin waɗanda suka gani sun rage kaɗan, kuma kowace damina tana tafiya da wasu.

Allah ya jiƙan magabatanmu na Faransi da na Ingilishi, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da matafiya gida lafiya. Amin.