Daga Kantun Bilma Zuwa Cokalin Shayi Ɗaya

Gishirin da kake aunowa a kasuwar Kakuri ko Sabon Tasha yana da dogon tarihi. A da, ayarin raƙuman Buzaye ne ke ratso hamada daga Bilma, su sauke kantu a ƙasar Hausa, su koma da gero. Abu ne mai tsada, uwargida kuma tana tattalinsa.

Matsalar wancan zamani rashi ce. Ƙasar da ke nesa da teku takan yi ƙarancin sinadarin aidin, don haka maƙoƙo ya yawaita, ƙwaƙwalwar jariri kuma kan tauye tun yana ciki. A 1993 Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci, maƙoƙo ya ragu ƙwarai.

Yau lamarin ya juya. Tun da aka buɗe masaƙar Kakuri a 1957, unguwannin kudancin kogi suka cika da ma'aikata, cimar birni ta samu gindin zama: burodi, dunƙulen magi, daga baya taliyar leda. Kowannensu da gishirinsa a ɓoye, yawansa kuwa na jawo hawan jini, shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi da kada ya kai giram 5 a yini, kimanin cokalin shayi ɗaya, har da na cikin magi. Kanwa ma a lissafe take. Saboda haka ka sayi mai aidin, ka adana shi a rufe, ka rage hannu, ka bar daddawa, citta da tafarnuwa su ɗaga miya. Idan kana shan maganin hawan jini, rage gishiri zai taimaka masa, amma kada ka daina sha sai da izinin likita.