Abincin Baƙon Ba-Zata: Daga Ƙwaryar Fura Zuwa Gidajen Haya na Nasarawa, Kaduna

Masu nazarin abincin Hausawa sun fi mai da hankali ga tuwo da miya da abincin bukukuwa, sun bar wani sashe wanda a ganina ya fi bayyana halin gida, watau abin da ake ba baƙon da ya yi sallama ba tare da aike ba, bayan an sauke tukunya. Wannan maƙala za ta dubi sashen, ta ɗauki unguwar Nasarawa da ke kudancin kogin Kaduna a matsayin misali.

Al'adar ta daɗe a ƙasashen Sudan. Cikin 1352 Ibn Baɗɗuɗa ya sauka Walata, aka kawo masa dakakken gero da aka dama da nono da ɗan zuma a cikin ƙwarya. Ya raina liyafar, har ya rubuta ɓacin ransa. Bai lura da cewa wannan shi ne abincin da ya dace da mai fitowa daga hamada ba: yana kashe ƙishirwa da yunwa gaba ɗaya, kuma ba ya bukatar a hura wuta. Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tarar da fura a ƙasar Hausa cikin 1851 tana wannan aiki.

Abin lura a nan shi ne, saurin fura ba daga sauƙin yinta ya zo ba. Surfe da wanki da daka da dafawa da kirɓi da cura duk an gama su tun da hantsi. Damu kaɗai ya rage. Haka gumba, haka ƙuli-ƙuli da dambun nama da alkaki da ake adanawa a ɗaki. Ashe abin da baƙo ke gani a matsayin gaggawa wahala ce da mata suka riga suka sha. A gidan gandu, inda akwai rumbu a tsakar gida da mata uku ko huɗu masu karɓar girki, wannan tanadi ba ya yankewa. Addini kuma ya ƙarfafa shi, domin hadisi ya ba baƙo haƙƙin kwana uku.

Kaduna ta rushe wannan tsari. Garin Turawa ne, wanda ya karɓi hedkwatar Arewa daga Zungeru cikin 1917, kuma tashar jirgin ƙasa tana kudancin kogi. Da masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri cikin 1957, sa'an nan UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, sai Nasarawa da Makera suka cika da ma'aikata daga kowace kusurwa. Ma'aikaci yana ɗaki ɗaya ko ciki da falo, ba rumbu, ba saniya, sai albashin ƙarshen wata. Amma baƙi suka ƙaru, ba su ragu ba: ƙane mai neman aiki, dattijo mai zuwa asibiti, ɗan garinsu da jirgi ya sauke da tsakar dare. Wanda ya sami aiki a masaƙa ya zama masaukin ƙauyensu baki ɗaya, ko ya so ko ya ƙi.

A nan ne garin kwaki ya shiga gidan Bahaushe sosai. Rogo daga Kudancin Amurka Turawan Fotugal suka kawo shi, garinsa kuma daga kudu ya hauro ta hanyar jirgi. Maƙwabtaka da Yarabawa da Ibo da Tibi a gida guda ta sa aka saba da shi, amma aka sarrafa shi bisa ɗanɗanon gida: a jiƙa da sukari da gyaɗa, ko a kwaɗa da ƙuli da albasa da mai. Ɗanwake ma ya sami sabon matsayi, tun da injin niƙa ya ɗauke wa mace daka. In akwai garin a ajiye, da kanwa da kuka, rabin sa'a ya isa. Bayansu sai shayi da burodi, da dafa-duka a kan risho, daga baya kuma Indomie, wadda aka fara shigowa da ita a ƙarshen shekarun 1980. Aikin da turmi ke yi ya koma hannun inji, kuma aka fara biyansa da kuɗi.

Wannan ne rauninsa. Tanadin rumbu yana jure wa shekara guda, na albashi kuwa wata ɗaya ne. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, rikicin 2000 ya raba maƙwabtan da suka koya wa juna girki, KTL ta rufe cikin 2002, UNTL ta tsaya cikin 2007. Magidanta da yawa suka koma cin bashi wajen mai kanti ko mai shayi don kada baƙo ya gane halin da gida yake ciki, uwargida kuma ta aiki yaro ta bayan gida ya karɓo mudun gari wajen maƙwabciya. Wayar hannu, da ta shigo cikin 2001, ta rage yawan baƙin ba-zata, har wasu suna ganin zuwa ba sanarwa rashin tunani ne, abin da kakanninsu za su ɗauka zagi ne ga mai gida.